Daminar da Awartaki Ya Ƙi Riƙo

Bana ruwa ya yi mana rowa. Mun shuka bisa ruwan farko, sai sama ta ɗauke, gero ya tsiro kamar allura ya tsaya nan. Cikin wannan zaman jira ƙafata ta matsa mini, ɗana Gado ya aiko anka kai ni likita Dogon Dutsi. Shi mai walda ne, rumfarshi na bakin hanya. Da munka fito likita, can na zauna bisa benci ina jiran motar garinmu.

Ina zaune sai na ji ya yi tsaki ya tsai da aiki. Awartakin da ke riƙe tsinken walda ya saki. Ya kwance shi, ya zaro wani ɗan ƙarfe murɗaɗɗe, bai kai ɗan yatsana tsawo ba, ya yar cikin rairayi. Ya jawo gwangwani cike da irinshi, manya da ƙanana, ya tona, ya zaɓi guda ya sa. Kafin in gyara zama, wuta ta koma tartsatsi.

Na ce, "Gado, mi ne ne ka yar?"

Ya ce, "Rasor ne, Inna. Sifirin. Ya mutu."

"Ina kake samunsu haka, har cike da gwangwani?"

"Waya nake bugawa a sako mini a mota. Abin banza ne, Inna."

Abin banza. Shi bai sani ba, don shekarar da zan faɗa shina cikin cikina.

Shekarar, fara ta riga mu girbi. Kaka ta zo ta wuce ba mu ji ƙarar sussuka ba a garinmu, nan tsakanin Dumega da Kore Mairuwa. Tun sanyi bai gama fita ba anka share gindin rumbu da tsintsiya. Da bazara ta kama, ta kama da gaske. Rairayi na dafa tafin ƙafa, ruwan randa kamar an sauke shi daga murhu, kaji na buɗe baki ƙarƙashin rumbu har sunka ƙare, wasu ga ciwo, wasu ga tukunya. Dussar da muke ba tumaki ita ta koma tuwo. Anza muke tsinkowa daji, mu jiƙa, mu zubar da ruwan, mu sake jiƙawa, mu sake zubarwa, ɗacin ya ragu amma ba ya fita duka. In ka ci, sai ka yini da shi a maƙoshi.

Ina da ɗiya, Kuluwa. Ta fara tafiya ke nan ciki ya shige ni, dole na yaye ta cikin wannan wuta. Da uwata ta ji, ta aiko mata da akuyar yaye daga garinsu, ja, mai ɗan fari a goshi, da ɗanta na biye. Ɗan bai yi rai ba, amma nonon bai ƙafe ba. Wannan akuya ita ce abincin Kuluwa. Da asuba, kafin in taɓa tsintsiya, sai na tatse ta. In na dawo rijiya, in bi gindin gawo in tsinto mata 'ya'yan da sunka faɗo, in ɓoye su cikin zane don kowa nema yake. Da rana in tafi ganye tare da mata, jiga da yaɗiya, in raba biyu, rabi tukunya rabi turke. Da marece in sake tatsa. 'Ya'yan mutane na ramewa, wuya na tsawo, ita Kuluwa kumatunta na nan. Mata kan tsaya su dube ta su ce tubarkalla, wasu da zuciya ɗaya.

Uban su Gado, Allah ya jiƙanshi, ɗan maƙera ne, ƙanen Sarkin Maƙeran garinmu. Ya yi shekaru shina zuwa cin rani ƙetaren iyaka, can ya koyi walda, har ya dawo da inji bisa amalanke. Ya kafa shi cikin rumfar ƙira ta gidansu, kusa da uwar maƙera, ƙarfen nan da kakanninsu ke dukan ƙarfe a kai. Tun ranar wan bai so abin ba. Ya kan ce wace irin wuta ce ba gawayi ba zuga-zugi, wadda ba a iya duban ta da ido. Amma mutane sun so ta. Garmar shanu in ta karye, da sai an kai ta Dutsi, yanzu nan take a ɗinke. Ƙafar amalanke, hannun famfon rijiya, duk nan.

Gawo ya fara zubar da ganye, munka san ruwa ya kusa. Ya zo kuwa, ruwa mai kyau, ƙasa ta yi ƙamshi har mutum ya so ya ci ta. Munka fita gaba ɗaya, maza da sungumi gaba, mu mata baya muna zuba iri muna takewa, irin da kowa ya ɓoye wa cikinshi. Ni da ciki, da Kuluwa a baya, da jiri. Shuka ta fito. Sai sama ta ɗauke, kamar bana.

Daidai nan awartakin injin uban su Gado ya saki.

Garemani sun taru a rumfa, kowa na son a ɗinke mashi tashi kafin ruwa na biyu. In uban su Gado ya sa tsinke ya kai ga ƙarfe, sai tsinken ya karkace ko ya sulɓe ya faɗi. Wuta ta kama ta mutu, ta kama ta mutu. Abin da ya ɗinke da safe, kafin azahar an dawo da shi a karye. Ya ɗaure awartakin da robar tayar keke, ta narke. Ya matse da hannu cikin tsumma, tafin hannunshi ya tashi ya yi ruwa. Ya zaro sifirin ɗin ya ja shi don ya miƙe, ya koma ya kwanta. Ƙarshe ya yi abin da jininshi ya gaya mashi, ya sa shi wutar gawayi ya tsoma ruwa. Ranar sifirin ya ida mutuwa.

Ya shigo gida da shi a hannu ya nuna mini. Ya ce, "Kin ga duk abin. Wanga ɗan ƙarfe shi ke tura baki ya cije tsinke. Taɓa ki ji."

Na matsa da yatsu biyu, ya lotsa bai taso ba.

Ya ce, "Mai rai in kin matsa shi, sai ya yi faɗa da ke."

Na ce, "To a samo wani mana."

Ya ce, "Ina? Kuma in na ɗaga ƙafa daga rumfar ga yanzu, cewa za a yi na gudu."

Ashe magana ta riga ta zaga gari. Ruwa ya tsaya, wuta ta ƙi, kuma rana guda. Sarkin Maƙera ya ce ba mamaki, tunda anka shigo da baƙuwar wuta gaban uwar maƙera ba a ba ta jini ba. Anka kira masu goge, anka yi wasan bori, iskar nan Doguwa ta hau wata tsohuwa, ta ce jar akuya take so. To wa ke da akuya a garin a lokacin, balle ja? Duk an sayar ko an ci. Kowa ya san turken da ake nufi tun kafin tsohuwar ta gama atishawa.

Ni ban ce babu iskoki ba. Cikinsu anka haife ni, na ga abin da na gani. Amma na taɓa sifirin nan da yatsuna.

Mace ba ta shiga rumfar ƙira. Na je na durƙusa daga bakin zana, Kuluwa a baya. Sarkin Maƙera na zaune bisa buzu, dattawa kewaye da shi, uban su Gado na gefe kai ƙasa.

Na ce, "Sarki, ina gaisuwa."

Ya ce, "Uwar Kuluwa, lafiya mace a bakin maƙera?"

Na ce, "Sarki, akuyar ga ba tawa ba ce, balle in bayar. Ba ta ƙanenka ba ce. Ta yarinya ce, kakarta ta ba ta. Ita take sha."

Ya ce, "Yarinyar ɗiyar wa ce?"

Na ce, "Ɗiyarku ce."

"To abin ɗiyarmu namu ne. In ruwa bai sauka ba, ke da ita da akuyar mi za ku ci?"

Na ce, "Sarki, ƙarfe ne ya mutu cikin awartaki. Tambayi ƙanenka, ga shi nan."

Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Yau ga mace na koya wa maƙera ƙarfe."

Sarkin Maƙera ya juya ya dubi ƙanenshi ya ce, "Haka ne? Kai ka aiko ta?"

Na jira. Wallahi na jira. Mutumin da ya sa mini ƙarfen nan a hannu, ya ce taɓa ki ji, ya buɗe baki ya ce, "Yaya, abin da kunka gani shi ne daidai."

Anka sa rana, jibi da hantsi.

Washegari kasuwar Kore Mairuwa ke ci. Tun da asuba na tatsi akuya na ba Kuluwa, na kai ta ɗakin maƙwabciyata, na ce da rana a sake tatsar mata ko kaɗan ne. Na ƙulle mataccen sifirin a haɓar zane. Na gaya wa uban su Gado inda za ni, na ce in na kawo mai rai yau wuta ta kama gaban kowa, ba sauran dalilin yanka gobe. Ya ce Allah ya sa. Bai dube ni ba.

Ba abin da ke cikina sai ruwa da Gado. Hanya rairayi ce, ƙafa na nutsewa. Gonaki dama da hauni, shuka ta lanƙwashe ta yi toka-toka. Na wuce mushen jaki, na wuce mata na tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da ta ɓoye. Kafin in kai, rana ta hau kaina ta zauna.

Kasuwar ba ta cika ba, masu sayarwa sun fi masu saye. Na fara da mai gyaran keke. Ya juya abin a hannu ya ce, "Iya, wannan na kunne ne ko na hanci?" Abokanshi sunka fashe da dariya. Ya ba ni na sirdin keke, ya yi ƙato. Mai tocila ya ciro na gindin tocila, na matsa, laushi kamar zare. Mai gyaran rediyo ko dubawa bai yi ba, ya ce in je Dutsi. Dutsi! Da wace ƙafa?

Can ƙarshen kasuwa akwai injin niƙa, a kashe, don ba mai abin niƙawa. Mai shi wani Babarbare ne, abokin wasanmu mu Arawa, tsoho mai furfura, shina kwance bisa buhu. Ya dubi zanen fuskata ya ce, "A'a, yau bayina Arawa sun tuna da ubangijinsu. Mi kinka kawo mini?"

Na ce, "Yunwa na kawo maka, Babarbare, ko kana da wurin ajiya?"

Ya ce, "Tawa ma ta cika ɗaki."

Na kwance haɓar zane na nuna mashi, na gaya mashi komi, har akuya, har Kuluwa. Dariyar ta bar fuskarshi. Ya tashi ya zaga baya inda wani tsohon inji ke zube cikin ciyawa, ya yi ta dukan kanshi da guduma, shina zagin injin da uwar wanda ya ƙera shi, har ya ɓalle wasu sifirin baƙaƙe da mai. Munka gwada su da mataccen. Guda ya zo daidai kauri, ya ɗan fi tsawo. Na matsa shi da yatsu. Ya ture ni.

Ya ce, "In ya yi tsawo mijinki ya rage. Amma ki ce mashi kada ya kai shi wuta, na san halin maƙera." Ya share ƙurar garin da ta maƙale a bakin injin niƙa, ya ƙulle mini a tsumma ya ce in dama wa yarinya. Na fara godiya ya ce, "Tashi ki tafi, rana na gudu. Arawa da surutu."

Ban san na iya sauri haka ba. Da la'asar iska ta juyo daga gabas, na waiga na ga hadari ya yi gindi, baƙi ƙirin. Ina tafe ina magana da abin da ke haɓar zanena kamar mutum. Na hango rumbunan garinmu. Sai na hango ungulaye na kewaya bisa unguwar maƙera.

Kafin in kai rijiya warin ya tarbe ni. Ƙaurin nama. Garin da ya yi watanni bai ji shi ba, har yara sun fito suna bin iska da hanci.

Ba su jira jibi ba. Da sunka ji na fita, sunka ce gara a yi ba ta nan, kada kukan mace ya ɓata abin. Tun da hantsi sunka kwance ta daga turke. Fatar na shanye bisa zana, ja, ƙudaje sun rufe ta. Jini ya bushe bisa uwar maƙera, an shafa wa inji, an shafa wa awartaki. Sun gwada wuta bayan yankan, ta ƙi kamar jiya, tsohuwar ta ce a dakata, Doguwa ba ta gaggawa. Shi ne duk gari ke zaune bakin rumfa ana dakon ta.

Uban su Gado ya hango ni ya taso ya tare ni bayan zana. Na kwance haɓar zane na fito da sifirin. Da na san abin da zai biyo baya, da rijiya na jefa shi. Amma garemanin mutane na zube, kuma tafiyar ta riga ta ci ƙafata. Ya karɓa, ya juya baya, ya rage tsawon da zarto, ya sa, ya ɗaure. Ba wanda ya kula, hankalin kowa na ga tukunya.

Ya tada inji. Ya sa tsinke, awartaki ya cije. Ya kai ga garma, wuta ta kama, ta riƙe, ta yi ta zuba shuɗiya ba yankewa, har ya kai ƙarshen karayar.

Sarkin Maƙera ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu ya ce, "An karɓa!"

Mata sunka ɗau guɗa. Na kutsa har cikin rumfa, inda ƙafar mace ba ta taɓa takawa ba, na ce, "Sifirin ne! Ni na kawo shi, daga Kore Mairuwa, ga ƙafafuna ku duba!" Wa ke ji? Wata ta ja ni ta ce, "Haba uwar Kuluwa, ki yi murna mana, da akuyarku anka ceci gari." Na dubi uban su Gado na ce, "Gaya musu." Ya sauke gilashin fuskarshi ya sa wani tsinke.

Kafin magariba ruwa ya sauka. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, har cikin ɗaki. Ni ma ina da gona, ni ma na ji sanyi a raina, kuma ban taɓa jin haushin ruwan sama ba sai ranar. Hadarin da na baro a baya tun kan hanya, shi ma anka ba akuya ladarshi.

Sun aiko mini da cinya, wai rabon mai turke. Na dafa, na tauna na ba Kuluwa a baki, don ba ni da abin da ya fi shi. Ni ban haɗiye ba.

Daga nan sai neman nono. Fulanin da ke zama bayan gari sun riga sun yi arewa da shanu tunda gonaki sunka kama. Bafulatanar da muke ƙawance da ita, sai kufan bukkarta na tarar. Garin da Babarbare ya ƙulle mini ya yi mana 'yan kwanaki. Sai kunun dussa, sai tafasa da ta fara tsirowa. Cikin Kuluwa bai karɓa ba. Zawo ya kama ta, kumatun nan sunka zube, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sunka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya zauna. Gari kuwa ya yi kore shar, garemani na ta aiki, ana noma ana waƙa, kowa ya gamu da ni sai ya ce Allah ya saka. Uban su Gado ya kan shigo ya tsaya bisa kanta ya daɗe, ya fita. Sau ɗaya ya ce mini, "Da na yi magana ranar, da sun fasa injin." Na ce, "Da sun fasa."

Munka kai ta likita Tibiri bisa amalanke, anka ba ta abin da anka ba ta, munka dawo. Gero ya fara fid da kai, saura kaɗan a samu tumu, ta cika da hantsi, a bayana, ina tsinkar tafasa.

Kwana na Allah ne, na sani, ba sai an gaya mini ba. Sarkin Maƙera ya zo gaisuwa ya tsaya bakin ƙofa ya gaya mini duk da haka. Ya ce, "Haƙuri, uwar Kuluwa. Kwananta ne ya ƙare." Na ce, "Na ji, Sarki. Na akuyar fa, shi ma ƙarewa ya yi, ko ku kunka ƙarar da shi?" Mata sunka rufe mini baki da zane. Har ya mutu bai sake shiga gidana ba, ni ma ban sake durƙusa mashi ba.

Shi ya tafi, ƙanenshi ya bi shi, injin ma an daɗe da sayar da shi ga masu awon ƙarfe. Amma abin ya zauna. Kowace shekara in gawo ya fara zubar da ganye, sai maƙeran garinmu su nemo jar akuya su yanka bisa uwar maƙera, suna gaya wa 'ya'yansu wai tun kaka da kakanni haka ake yi. Tun kaka da kakanni! Ni na san turken da anka kwanto ta farko. Kuma da yake yanzu ni ce babbar mace a gidan, cinya tawa ce.

Bana ma, kafin a kai ni Dutsi, ɗan Sarkin Maƙera da ya gaje shi ya kawo da kanshi, cikin kwano da murfi. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya ce, "Inna, ga rabonki. Kowace shekara sai ki mayar, bana dai ki karɓa, don Allah."

Na ce, "Ba nawa ba ne, ɗana. Kai wa mai akuyar. Tana nan kwance gabas da gari, ubanka ya san wurin."